Finjali Tara da Ledar Jini Biyu

Ga yadda abubuwa suka tsaya ranar da aka kira ni asibiti. Saura mako bakwai matata ta haihu, jininta ya yi ƙasa, kuma malamar awo ta ce in bai hau ba, sai na tanadi leda biyu ta jini kafin ranar. A gefe guda kuma akwai finjali tara na shayi da nake sha kullum: uku bayan karin kumallo, uku bayan abincin rana, uku bayan tuwo. Shekara ashirin da ɗoriya ban yi fashi ba sai da azumi, shi ma ramawa nake yi bayan an sha ruwa. Ban san akwai abin da ya haɗa finjalin da ledar ba. Da wani ya tare ni a kara, kasuwar dabbobi, ya gaya mini, da na ce ya je ya nemi abin yi.

Sana'ata tumaki. Na fara ne da jan akuyoyin mutane da igiya daga ƙauyenmu na wajen Sandamu zuwa kasuwa, a ƙafa, yau kuma ina cika mota da kaina. Ba wanda ya bar mini gado, abin da na tara idona ne ya tara mini. In na kama rago, ba ƙaho nake fara dubawa ba, ƙaho na 'yan birni ne masu sayen abin nunawa. Ni sai na taɓa gadon bayansa, na buɗe haƙora, sannan na ja fatar idonsa ta ƙasa da babban yatsa. In cikin ja ne, rago yana da jini. In ya yi fari kamar an zuba nono, tsutsa ta gama da shi, ko da kuwa mai shi ya ɗirka masa kanwa da ruwa ya kumbura ya zama kamar randa. Daga Baure har Dutsi an san ba a sayar mini da rago mai farin ido.

Shayin kuwa a wajen Buzaye na koya, waɗanda ke tsallako iyaka da udoji, dogayen tumakinsu, su kawo kasuwar Mai'aduwa. Ba a ciniki da su a tsaye. Sai an zauna, an ɗora 'yar buta shuɗiya a kan murhun waya, an cika ta da ganye har ruwan ya rasa wurin zama. Zagaye uku ake yi. Na fari mai ɗaci ne, a kansa ake tambayar iyali da hanya. Na biyu a kansa ake kushe dabbar. Na uku mai zaƙi, a kansa ake sallamawa. Wanda ya tashi kafin na uku ya yi rashin kunya, kuma ya tashi ba rago. Tun ina sha don ciniki har na koma ina neman ciniki don in sha. Na sayi butata, na iya ɗaga hannu sama in tsiyayo shi siriri har kumfa ta taru a finjali, kuma na yi imani da zuciya ɗaya cewa babu abin da ke narkar da abinci a ciki irin shayi mai zafi da ya biyo bayan lomar ƙarshe.

Cikin ya zo mana ne ba zato, autarmu ta riga ta kai shekara tara. Da Hajiya ta dawo daga awo da katinta da wasu ƙwayoyi jajaye ƙanana, ta ce an ce jininta bai isa ba, sai na ji abin ya taɓa mini mutunci. Mutumin da ke ɗauko rago ƙashi da fata ya mayar da shi abin kallo cikin wata uku, a ce matarsa ba jini?

"Ki bar mini wannan aikin," na ce mata.

"Wane aiki, Alhaji?"

"Kiwo."

Ta dube ni ta ce in maimaita, sai na gyara na ce kulawa.

Na tsara abin kamar yadda nake tsara turke. Da safe ƙosai da kunu, da rana wake da kwaɗon zogale, da yamma tuwo da miyar alayyafo. Kowane ci da lokacinsa, ba a sakewa. Abu guda na ƙara daga kaina, wanda nake ganin likitoci ba su kai ga gano shi ba. Da zarar ta ajiye cokali, sai in tsuguna a ƙofar ɗakinta da murhun waya, in fifita gawayi, in haɗa mata zagaye uku. Ƙwayar kuma na hana ta sha da ruwa. Na ce ruwan sanyi ƙanƙarar da magani yake yi, ya je ya zauna a ciki kamar tsakuwa. Da finjalin fari take haɗiye ta, mai ɗacin, don ta narke tun a hanya. Wata guda cur muna haka. Ban tsallake rana ɗaya ba, ko ranar kasuwa sai na dawo da wuri.

Da ta koma awo, jinin ya ƙara sauka. Aka ce ta zo da mijinta.

Na sa babbar riga, na tafi da niyyar in ji ko ƙwayoyinsu jabu ne. Malamar awon mace ce gajera, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, da tabarau a kan hanci. Ta ba ni kujera ta ce, "Alhaji, me Hajiya take ci a gida?"

Na lissafa mata. Ta yi ta gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara gyara zama.

"Madalla. Ƙwayar fa, tana sha?"

"A hannuna take sha, Sista. Ko ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba."

"Da me take sha?"

Nan na yi murmushi, don an zo wurin da nake jira. Na yi mata bayanin finjalin fari da yadda yake narkar da magani, har da nuna mata da hannu yadda ake tsiyayowa. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ta dubi Hajiya, Hajiya ta dubi silin.

"Sau nawa a rana?"

"Tara. Amma finjalin ƙarami ne."

Ta yi mini irin kallon da nake yi in baƙauye ya faɗi kuɗin tunkiyarsa. Sannan ta ce, "Alhaji, ka san baurin nan da ke kama maka harshe in ka sha na farin? To shi ne matsalar. Jini ba ya haɗuwa sai da sinadarin ƙarfe, shi ne a cikin waken da zogalen da ƙwayar nan. In baurin shayi ya same shi a ciki, sai ya riƙe shi gam, hanji ya kasa tsotsa, yawancinsa ya wuce bayan gida. Na cikin nama bai cika kamuwa ba, amma na ganye da na wake da na ƙwaya, nan ya fi ƙarfi. Kai kana zubawa ta nan, kana kwashewa ta can."

Na ce ban yarda ba, amma cikin ladabi. Na ce shekara ashirin ina sha, ga ni garau, kuma in jini ake nema ba sai an je ko'ina ba, a ɗebi leda biyun a jikina yanzu in koma kasuwa.

Ta taso ta zagayo tebur. Ta ce in kalli sama. Kafin in ankara ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ta ƙasa, daidai yadda nake yi wa rago, har da ɗan karkatar da kai gefe don haske ya shiga. Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. Na san wannan tsakin, nawa ne. Shi nake yi kafin in ce wa mai dabba ya kai ta gaba.

Aka tsaga mini yatsa aka gwada. Jinina bai kai a ɗiba ba. Ta tambayi abin da nake ci a kasuwa, na ce burodi da shayi, wani lokaci wake da shinkafa da shayi, sai goro.

"Mai sayar da raguna ba ya cin nama?"

"Sayarwa nake yi, Sista, ba ci ba."

Ta ce ba lallai shayin kaɗai ne ya ja mini ba, ana iya samun tsutsar ciki ko zazzaɓin da ya daɗe, don haka ta tura ni wajen likita. Likita ya duba ni, ya rubuta mini jajayen ƙwayoyin nan, ya haɗa da maganin tsutsa. Na tsaya a bakin taga ina kallon maganin a tafin hannuna. Duk ragon da ya shigo turkena, abin da nake fara ɗura masa ke nan.

Dokar da aka ba mu ba ta da yawa. Ba a hana shayi ba, an dai ce Hajiya ta rage sosai saboda cikin. Kada ya haɗu da abinci, kada ya haɗu da ƙwaya, a bar tsakani kamar awa biyu. Madara ma kada ta bi ƙwayar. In da lemo ko gwaiba, a haɗa da abincin, su taimakawa suke yi. Na ce to, amma a raina ban sallama ba. Ni ba na sayen abin da ban gani da idona ba.

Da la'asar na fita majalisarmu da ke bakin rumfar wani abokina baduku, wanda muka taso tare, ba ya raga mini ba na raga masa. Na ba su labari, na ce yau zan nuna musu ƙaryar boko. Na haɗa finjalin fari, na zuba ruwan randa a wani finjalin. Na murƙushe ƙwaya biyu da gindin cokali, na zuba ɗaya a nan ɗaya a can, don kowa ya ga wanda zai fi saurin narkarwa. Na ruwan ya ɗan yi gurɓi-gurɓi ya tsaya. Na shayin kuwa, muna kallo, ya fara duhu, ya yi shuɗi-shuɗi, ya koma baƙi ƙirin kamar tawadar allo.

Na ce, "Kun gani ko? Ya narke."

Baduku ya ajiye basillarsa ya karɓi finjalin. Ya ɗaga shi sama, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya shafa a kan wani guntun fata. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Dillali, wannan ai rinina ne! Ka san yadda muke baƙanta fata? Fatar da aka jeme da bagaruwa, mai baurin nan, sai mu jiƙa tsohon ƙarfe a ruwa mu shafa mata. Da baurin ya ga ƙarfe sai ya cafke shi, su zama baƙi, ko ruwan sama ba ya raba su. Wata guda kana wannan a cikin Hajiya?"

"Wata guda da kwana biyu."

"To ka dafa mini tulu guda, ina da takalman da zan rina."

Maganar malamar awo ban kama ta ba, don ban taɓa ganin hanji yana tsotsa ba. Amma na sha kai fatu majema, na san bagaruwa, na kuma san baƙin baduku ba ya fita. Na ɗauki butata na shiga gida ban sha zagaye na biyu ba, abin da ban taɓa yi ba.

Na samu Hajiya tana tsince wake. Na gaya mata abin da na gani, na ce ta yafe mini, ban sani ba.

"Ni na sani," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kin san me?"

"Tun ranar farko aka gaya mana a wajen awo. Kada a sha da shayi."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Na faɗa maka sau ɗaya, ka ce su masu awo me suka sani game da shayi, na 'yar jaka mai igiya suke sha." Ta watsar da tsakuwa. "Kuma Alhaji, shekara ashirin da biyu ina gidan nan, ban taɓa ganin ka tsuguna a ƙofar ɗakina kana fifita wuta saboda ni ba. Ko ruwa ba ka taɓa miƙo mini ba. Na ce bari in ɗan more, na ɗauka abin ba zai kai haka ba."

Na rasa wanda zan yi wa faɗa a cikinmu. Na ce daga yau tsugunon yana nan, abin da ke hannuna ne zai sauya. Washegari na sayo kwandon lemo da gwaiba, na kuma yi abin da ban taɓa yi ba, na je wajen mahauci na sayi nama da kuɗina. Mahaucin ya tambaye ni ko lafiya.

Gida bai ba ni wuya ba, kasuwa ce ta ba ni. Na sa wa wayata ƙararrawa, da na gama cin abinci sai in danna, sai bayan awa biyu ta yi kuka. Ranar Lahadi a Mai'aduwa wani dattijon Buzu da muka daɗe muna hulɗa ya kawo udoji shida masu kyau. Muka ci wake da shinkafa tare, ya ɗora buta, ya miƙo mini finjalin fari. In na ƙi karɓa na zage shi, in na sha na rina cikina. Sai na karɓa na riƙe. Na tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi raƙumansa. Na tambayi rijiyar garinsu da wanda ya haƙa ta. Shi kuma ba zai zuba na biyu ba sai na mayar da finjali, don finjali biyu ne kacal gare shi.

"Alhaji, shayin ya huce."

"Haka nake son sa yanzu."

"Ko na yi maka laifi ne?"

Na ga ba mafita, na gaya masa gaskiya, har da rinin baduku. Ya saurara da kyau, ya gyara rawaninsa, ya ce shi kakansa ya sha shayi har ya shekara ɗari. Na ce ya bari in ga idonsa. Ban jira izini ba, hannuna ya saba, na kai yatsa na ja. Ja wur, kamar na ɗan rago mai shan nono. Mutumin da ke cin nama da gaske ke nan. Ya ture hannuna, ya karɓe finjalinsa, ya sayar wa wani ɗan Zango udojin shida a gabana, wayata kuma ta yi kuka suna cikin zagaye na uku.

Ban daddara ba. A makonnin nan na ja idon direbana, na ja na mai sayar mini da harawa, na ja na baduku yana tsakiyar ɗinki. Har aka fara cewa in an hango ni a rufe ido. Na Hajiya kuwa kullum da safe nake dubawa a bakin ƙofa inda haske yake, tana cewa in na gama in duba haƙoran ma. A mako na uku na ga farin ya fara ɗaukar launi, kamar an ɗiga zoɓo a cikin kunu. Ta daina haki in ta tashi daga tabarma. Ni ma, abin da ban gaya wa kowa ba, jirin da nake ji in na sunkuya ɗaure rago, wanda na ɗora wa shekaru, ya tafi.

Ranar da za a sake gwada mu, tsohon hali ya motsa. A bakin asibiti na tsaya na murtsuke idanuna da gefen riga har suka yi ja, kamar yadda marasa tsoron Allah ke yi wa dabba kafin a shiga kara. Malamar awo ta ja fatar idon, ta dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, kuka ka yi?"

"Ƙura ce."

"To ƙurar ba ta shiga yatsa. Kawo hannu."

Na Hajiya ya hau. Bai kai inda ake so ba, amma ya fita daga inda ake tsoro, aka ce leda ɗaya ma ta isa a ajiye saboda ko-ta-kwana. Nawa ya kai a ɗiba, da ƙyar, kamar ragon da ya cika shekarar layya jiya. Na kwanta aka sa allura. Na kalli ledar tana cika ina jin daɗi, ina gaya wa mai ɗibar cewa wannan jinin lemo ne da naman mahauci. Da aka gama na miƙe da sauri don in nuna ban ji komai ba. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a ƙasa, ƙafafuna a kan kujera, hulata a hannun Hajiya, mai ciki wata tara tana yi mini fifita da katin awo. Aka tambaye ni me zan sha. Na buɗe baki, malamar awo ta nuna ni da biro, na ce lemo.

Bayan kwana goma sha ɗaya Hajiya ta sauka lafiya, da hantsi, mace. Ba a buƙaci ledar ba. Na tambaya ko za a mayar mini da abina, aka ce an riga an sa wa wata baiwar Allah da aka kawo daga ƙauye. Ban san ta ba, ban kuma nemi sani ba. Ina dai fata ba ta tashi da sha'awar shayi ba.

Ranar suna dattijon Buzun nan ya zo, don fushinsa bai wuce kasuwa biyu ba. Bayan an ci nama ya ɗora buta a ƙofar gida. Na ciro waya zan danna, ya ce in mayar da ita aljihu, zai jira. Muka zauna awa biyu muna kallon gawayi yana cinyewa, yana ƙara wani, baduku yana ta yi mana dariya.

Ga yadda lissafin ya ƙare. Na yi asarar udoji shida da ba su zama nawa ba, da leda ɗaya ta jini, da rago ɗaya na suna wanda na zaɓa da kaina, mai jan ido. Finjali tara sun koma uku, da la'asar, nesa da kowane kwano. Mutum huɗu har yau ba sa yarda in matso kusa da fuskarsu. A ɗaya hannun kuma Hajiya tana nan da ƙafafunta, ga yarinya har ta fara rarrafe tana jan murhun waya. Tsugunon ƙofar ɗaki ne kawai ban san inda zan sa shi ba. An yi arba'in tuntuni, jini ya koma daidai, amma kullum bayan abincin rana sai Hajiya ta turo mini kwandon lemo da wuƙa, in tsuguna in fere mata. Ni dai a ƙarshe na sa tsugunon a riba, ita ma ta ce a nata ɓangaren riba ne.